Jajayen Ɗigon da Baba Tunji Ya Goge

Ƙofar Wambai, Bauchi
Litinin, 8 ga Yuli, 2024

Zuwa ga Uwata Saudatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya da natsuwar karatu. Yaya sanyin Cape Town? Mamanki har yau ta kasa yarda cewa akwai inda ake rawar ɗari a watan Yuli, alhali mu nan kusan kullum sai an yi ruwa da la'asar. Ta ce in tambaye ki ko yajin da ta aika miki ya ƙare. Kowa lafiya, sai gwiwarta da ke motsawa idan hadari ya haɗu.

Kin ce in riƙa kiran ki a waya maimakon in cika takarda in ɗauki hotonta in turo. Ba zan iya ba. Shekara talatin da huɗu na yi ina gyaran rubutun mutane a gidan jarida, kuma na san maganar da aka faɗa a waya ba ta gyaruwa. Ki yi haƙuri da rubutun hannuna.

Hoton ya iso. Ƙaramin da kika turo wayata na duba shi ya fi sau ashirin, babban kuma yana imel ɗin Amos, ɗan Baba Tunji mai hoto, kamar yadda kika ce. Bari in maimaita abin da na fahimta, ki gyara ni inda na kauce. Na'urar hangen nesa ta Webb ce ta ɗauke shi, wadda ke zaune kilomita miliyan ɗaya da rabi daga nan. Madubinta mita shida da rabi ne, an haɗa shi da faifai goma sha takwas da aka shafa wa zinariya, kuma sai da aka naɗe ta kamar laima kafin ta shiga roka, ta je can ta buɗe kanta babu hannun kowa a kusa. Wannan kaɗai ya isa mutum ya jinjina wa waɗanda suka ƙera ta. Kika ce ban da 'yan taurarin nan masu tsinin haske, kusan duk abin da ke walƙiya a hoton gungun taurari ne, kowane gungu da taurari miliyoyi ko biliyoyi a cikinsa.

Naki na same shi ta kwatancen da kika yi: ƙasa ta hagu, kusa da tauraro mai tsini shida, wani jan ɗigo da bai kai kan allura ba. Kika ce haskensa ya taso sama da shekara biliyan goma sha biyu da suka wuce, tun kafin a halicci duniyar nan da muke takawa, kuma doguwar tafiya cikin sararin da ke ta faɗaɗa ita ce ta ja hasken har ya koma ja. Abin da ya fi burge ni shi ne inda kika ce har yanzu ba ku san mene ne shi ba, ko taurari ne cunkushe wuri guda, ko baƙin rami ne yake haɗiyar abin da ke kewaye da shi. Na yi aiki da marubuta da yawa, kaɗan ne a cikinsu suka iya rubuta "ba mu sani ba". Tsarki ya tabbata ga Mahalicci.

Na yanke shawarar a wanke shi babba, a sa masa firam, in rataye a zaure. Kin san babu inda zan kai sai Gwallaga, shagon Baba Tunji. Shi ya ɗauki hoton sunanki, shi ya ɗauki na fasfo ɗinki, kuma tun 1983 da yake kawo mana hotuna gidan jarida muke tare. A nan ne na faɗa cikin wata magana da nake so ki sani.

Amos, ɗansa da ke riƙe da gaban shagon, shi da yayarsa Cecilia ta Jos sun yanke cewa Baba ya ajiye aiki ƙarshen watan nan. Sun ce idonsa ya tafi. Hujjarsu ita ce ya zame a matakalar coci a watan Mayu, kuma sau biyu tsoffin abokan cinikinsa suna ɗaga masa hannu daga tsallaken titi bai gane su ba. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Amma kin san kujerar nan ta bayan labule, inda yake gyaran hotuna. Da fensir da buroshi ya fara a kan fim, da zamani ya juya ya koyi kwamfuta yana da shekara hamsin da 'yan kai. Tun rasuwar matarsa Mama Abosede, idan aka raba shi da kujerar nan ban san inda zai sa kansa daga safe zuwa yamma ba.

Na tarar suna cikin gardamar. Da Baba ya buɗe hotonki ya ga girmansa, sai ya buga tebur ya ce ga alƙali Allah Ya kawo. Ya ce duk Bauchi babu mai neman aibi kamar Edita, wato ni, mutumin da ke gyara wa masu shago rubutun allonsu ba a tambaye shi ba. Shi zai yi wannan aiki da hannunsa, kuma ranar Asabar ta ƙarshen wata in zo in yi hukunci a gaban 'ya'yansa. Idan na sami aibi ko ɗaya, zai miƙa makulli ya tafi gida. Idan ban samu ba, kada a sake yi masa maganar ido. Amos ya ce ya yarda. Ni ma na yarda, ina dariya, don ban taɓa ganin aikin Tunji da aibi ba.

Mamanki na gaishe ki. Ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Allah Ya yi miki albarka, Ya ƙara buɗa miki.

Ni ne mahaifinki,
Ɗanlarai


Ƙofar Wambai, Bauchi
Laraba, 17 ga Yuli, 2024

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma fatan murar da kika ce ta kama ki ta sake ki. Mamanki ta ce ki dafa citta da kanumfari, kada ki dogara da ƙwayoyin Bature kaɗai. Mu nan lafiya lau. Masarar da na shuka a bayan gida ta kai ƙugu.

Ba labari mai daɗi zan ba ki ba, kuma rabin laifin nawa ne.

Jiya da hantsi Baba Tunji ya aiko in zo. Na hau Keke Napep na je. Ya jingina hoton a bango, ya lulluɓe shi da farin zane, sai da ya zaunar da ni ya sa aka sayo mini masa sannan ya yaye. Uwata, ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan a takarda ba. Faɗinsa ya fi mita ɗaya. Baƙin wurin baƙi ne ƙirin, gungun taurarin kuma kowane da siffarsa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwayar shinkafa, wani a murɗe kamar ruwa yana shiga rariya. Wasu sojoji biyu daga barikin Shadawanka da suka zo ɗaukar hoto sun manta da abin da ya kawo su, suka tsaya suna kallo. Ɗaya ya tambaya ko fitilun Legas ne aka ɗauka daga jirgi.

Na matsa ƙasa ta hagu, na sami tauraro mai tsini shida, na duba gefensa. Babu komai. Na cire tabarau na goge na mayar. Na ciro gilashin ƙara girma da nake karanta ƙananan haruffa da shi. Wurin wayam.

Kafin in buɗe baki, Baba ya dafa kafaɗata ya fara ba ni labari cikin alfahari. Ya ce Turawan nan sun iya ƙera kyamara, amma ba su iya tsabta ba. Hoton ya zo masa cike da datti, wasu jajayen ɗigo a warwatse ko'ina kamar an yayyafa barkono. Ya ce shekara arba'in da biyar yana aikin nan, kuma ya san jan ɗigo marar siffa a kan baƙi ƙura ce ko ciwon kyamara, babu na uku. Kwana huɗu ya yi yana bin hoton taƙi bayan taƙi yana cire su ɗaya bayan ɗaya, yana cike gurbin kowane da baƙin da ke kusa da shi yadda ko mai shi ba zai gane an taɓa ba. Farare da rawaya masu siffa bai taɓa su ba. Ya ce ba zai yarda 'yarsa ta sha kunya a zauren ubanta ba, a ce ta je har ƙasar waje ta aiko da hoto mai ƙazanta.

Ban gaya masa tun farko abin da kike nema a hoton ba. Na ce masa dai hoton sama ne na aikin Saudatu. Na riƙe maganar jan ɗigon ne don in nuna masa da yatsana ranar da aka gama, in ga fuskarsa. Ga inda son burgewa ya kai ni. Na kuma manta da abin da kowa a Gwallaga ya sani, cewa hoto ba ya fita daga shagon nan sai Baba ya share shi. Amare suna zuwa da ƙuraje su tafi babu, tsofaffi su ga an rage musu shekara goma. Don haka ake zuwa wurinsa.

Amos yana tsaye a bakin labule yana kallon bakina. Na ce aiki ya yi kyau, sauran magana sai ranar Asabar ɗin da aka sa. Ba ƙarya na yi ba, amma kin san ni, na san bambancin gaskiya da abin da ba ƙarya ba. Na sha mayar wa 'yan rahoto labarinsu a kan wannan.

Yanzu ga inda nake. Idan na faɗi gaskiya ranar ashirin da bakwai, na sami aibi, kuma Tunji mutum ne mai cika magana ko za ta kashe shi. Da bakina zan tashe shi daga kujerarsa. Idan na yi shiru, zan rataye a zaurena hoton da aka cire aikinki na shekara biyu daga cikinsa, in riƙa nuna wa baƙi baƙin wuri ina cewa a nan yake. Mamanki ta ce in yi shiru, wa zai sani? Ta ce ita ko da ɗigon yana nan ba ganinsa take yi ba. Na ce ni zan sani. Ta ce to ai matsalar ke nan tun aurenmu.

Na sa Amos ya tura miki wanda Baba ya gyara, na ce masa don ki ga aikin. Na asalin yana nan, Baba ba ya taɓa goge na asali, dokarsa ce tun zamanin fim. Ki ajiye su gefe da gefe ki gaya mini girman ɓarnar. Kada ki sassauta mini.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya tsare ki.

Mahaifinki,
Ɗanlarai


Ƙofar Wambai, Bauchi
Talata, 23 ga Yuli, 2024

Uwata Saudatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa da fatan alheri. Mun ji daɗi da kika ce kin warke. Ki gai da abokan aikinki, har da malamarku da kika ce ta yi dariya sai da ta share hawaye. Ki gaya mata a nan ba mu kai ga dariyar ba tukuna.

Na karanta saƙonki sau uku. Na yi zaton za ki yi fushi, sai na ga kin ɗauki abin kamar wani sabon bincike. Kika ce kin sa kwamfuta ta ɗebe hoton Baba daga na asali, abin da ya rage shi ne duk wurin da hannunsa ya taɓa, kuma wuri hamsin da bakwai ne. Kika ce uku daga ciki datti ne na gaske da ya tsallake tacewarku. Sauran hamsin da huɗu kuwa abubuwa ne da ke can sama, kuma kina kan gwada su da jerin sunayen da kuka tara.

Ban jira Asabar ba. Jiya bayan azahar na je, lokacin da na san Amos yana fita sayen takardar hoto. Na ga bai dace mutum ya fara jin irin wannan a gaban 'ya'yansa ba. Na zauna a benci na gaya masa a fili, kamar yadda ake rubuta labarin rasuwa, babban abu a layin farko. Na ce jajayen ɗigon ba datti ba ne, su ne abin da Saudatu take bincike a kai, kuma nata yana cikin waɗanda ya cire.

Ya juya ga kwamfuta ya buɗe na asali, ya ce in nuna masa naki. Na nuna. Ya ƙara masa girma har ya zama 'yan murabba'ai ja guda tara ko goma. Ya ce: "Edita, wannan? Wannan ne yarinya ya bar gida saboda shi?" Har yau Hausarsa ba ta raba mace da namiji idan ransa ya ɓaci.

Daga nan ya fara yi mini tambayoyi irin na mai sana'a, kuma na gode Allah da kin riga kin amsa su a saƙonki. Ya ce ta yaya suka san ba ƙura ba ce? Na ce ba sau ɗaya ake ɗauka ba, ana ɗauka a gusa kyamarar kaɗan a sake ɗauka. Abin da ke jikin kyamara zai bi kyamara, abin da ke sama zai tsaya inda yake tsakanin maƙwabtansa. Ya gyaɗa kai ya ce haka ne, shi ma da haka yake gane ƙurar gilashi. Na ce sannan ana raba hasken ɗigon kala-kala kamar bakan gizo, a karanta nisansa da abin da ke cikinsa. Na ƙara masa da cewa hasken da na'urar ke kamawa ido ba ya ganinsa, irin ɗumin da kake ji a fuska ne kusa da garwashi, kuma mutane ne ke zama su ba kowane kashi launinsa don mu iya gani. Nan ne kawai ya yi murmushi. Ya ce ashe su ma 'yan gyaran hoto ne, to da sun rubuta a baya cewa an riga an gyara.

Ya tambayi shekarun hasken. Da na faɗa, ya sa na rubuta masa lambar a bayan ambulan da sifilinta duka. Ya ƙirga sifilin da yatsa. Ya ce wato abu ya yi wannan tafiya, bai ɓata a hanya ba, ya sami madubi ya faɗa, aka aiko shi har Gwallaga, shi kuma Tunji ya kashe shi da dannawa ɗaya. Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba. Sai ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, kamar yadda na ga yana yi idan ana addu'a a gidansu, ya ci gaba da kallon ɗigon.

Na ce masa laifina ne da ban yi bayani ba, kuma zan faɗi haka ranar Asabar. Ya ce in riƙe laifina, shi ma ya riƙe nasa. Mai gyara da bai tambayi mai hoto abin da yake so ba ya yi aibi, kuma sharaɗin bai ce aibin ido ko na kai ba, aibi kawai aka ce. Ya gargaɗe ni kada in kuskura in rufa masa asiri, in na yi haka ya daina gaishe ni. Da zan fita na ga ya fara tattara tsoffin buroshinsa yana sawa a gwangwani.

Uwata, na faɗi gaskiya, kuma ban ji sanyin da nake ji ba idan na faɗe ta. Idan kin gama gwajin nan kafin Asabar ki turo mini, ko mene ne sakamakon. Ki sa Baba a addu'a.

Mamanki na gaishe ki, ta ce ba ta yi mini magana sai an ga ƙarshen abin nan, amma ga shi ta ba ni saƙo.

Mahaifinki,
Ɗanlarai


Ƙofar Wambai, Bauchi
Litinin, 29 ga Yuli, 2024

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki gaisuwa ta musamman, da fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mu nan sai godiya. Saƙonki na ranar Juma'a ya iso ina dawowa daga masallaci, na kwafe shi a takarda na sa a aljihu. Ga yadda Asabar ta kasance.

Cecilia ta iso daga Jos da safe. Ƙarfe goma sha ɗaya aka ja ƙofar shago rabi, muka zauna mu huɗu. Baba ya sa agbadarsa ta zuwa coci, makullan kuma suna kan tebur tun kafin in yi magana. Na tashi tsaye na ce akwai aibi, kuma shi ne mafi girma da na taɓa gani a aikinsa: ya goge abu hamsin da huɗu da Allah Ya halitta, kowane ɗaya watakila ya fi duk abin da muka sani girma. Na yi bayanin yadda aka yi da rabona a ciki. Cecilia ta sunkuyar da kai. Amos ya ce, a hankali, ai dama abin da suke faɗa ke nan.

Na ce masa a'a, ba shi ba ne, kuma kafin a rufe magana ina da roƙo ɗaya. Na sa ya zauna a kujerar ubansa, na buɗe masa na asali, na ce ga jajayen ɗigo nan hamsin da bakwai, ya nemo mana su. Yaro ne mai shekara talatin da biyar, ko tabarau ba ya sawa. Ya fara da ƙarfinsa, cikin minti biyar ya sami shida. Daga nan abin ya fara nauyi. Baba yana bayansa ya harɗe hannu, yana cewa wannan ba ja ba ne ruwan goro ne, wancan ka riga ka ƙirga shi, kai da wane ido kake duba fasfo ɗin mutane? Bayan minti arba'in Amos yana da goma sha uku, idonsa yana ruwa. Cecilia ta karɓa ta ƙara biyu, ta ce kanta yana juyawa. Ni dama ɗaya na taɓa samu, shi ma da kwatance.

Amos ya juyo ya dubi ubansa, kallon da ban taɓa ganin ya yi masa ba. Ya ce: "Baba, ku yi haƙuri. Ku mayar da makullinku." Sai abin ya juye. Baba ya ce shi ba ya cin amanar bakinsa, an sami aibi, ya tafi. Amos ya ce maganar ido ake yi, ido kuwa ga shi an gani. Baba ya ce da aka ƙulla sharaɗi ba ka ce haka ba. Cecilia ta durƙusa tana roƙonsa da Yarbanci, ya kau da kai. Mutanen da suka yi wata biyu suna tura shi gida su ne suke riƙe masa riga, shi kuma yana neman hularsa. Da ba abokina ba ne da na yi dariya.

Sai na ce bari in karanta saƙon Saudatu, don da Baba take magana. Na karanta gaisuwarki da godiyarki. Na karanta inda kika ce wasu daga cikin abin da ya cire gungun taurari ne da ƙura ta rufe, biyu kuma kina zaton ƙananan taurari ne masu sanyi na nan kusa, waɗanda ku ma suke ruɗa ku. Sai na zo inda kika ce a wannan yanki jerinku yana da ɗigo goma sha tara irin naki, waɗanda kwamfuta ta tace muku kuka yi makonni kuna tantancewa, kuma Baba da ido kaɗai ya kama goma sha bakwai a cikinsu.

Na ɗago ina jiran ya ji daɗi. Ya riga ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya ya ce in maimaita. Sha bakwai cikin nawa? Na ce cikin sha tara. Ya ce ƙarya ne. Na ce 'yarka ba ta ƙarya da lissafi. Ya ce wato akwai biyu a hoton nan da shi Tunji ya bi ta kansu kwana huɗu bai gani ba? Na ce haka takarda ta nuna.

Ya dawo ya ture Amos daga kujera. Ya ce zai tafi gida kamar yadda ya yi alkawari, babu fashi, amma bai taɓa barin aiki rabi ba, kuma ba zai fara da tsufansa ba. Sai ya gano biyun nan tukuna. Ya kwashe makullan ya zuba a aljihun agbada. Amos ya ce to Baba ku bi a hankali, babu gaggawa. Cecilia ta samu ta cusa nata sharaɗin, ranar Alhamis za ta kai shi asibitin ido a duba masa ganin nesa, ya ce ya ji, amma a dawo da shi kafin azahar.

An sake wanke hoton daga na asali, babu abin da aka taɓa. Baba ya ce tun da ya buɗe shago wannan ne na farko da ya fita a haka, kuma ya juya baya lokacin da injin ke fitar da shi. Yanzu yana zaure. Naki yana nan ƙasa ta hagu, ƙanƙani, ja. Mamanki ta ce ta gan shi, ban matsa mata da tambaya ba. Liman ya tsaya a gabansa jiya ya daɗe yana tasbihi.

Yau da safe na biya ta Gwallaga. Yana bayan labule, hancinsa kusan a jikin gilashin kwamfuta. Ya raba hoton gida sittin da huɗu a takarda, ya soke uku. Ya ce in gaya miki ki tabbatar masa biyun suna nan da gaske, amma kada ki faɗa masa wurinsu. Amos ya raka ni bakin titi ya ce in roƙe ki, ko Baba ya sauya ra'ayi ya kira ki da kansa, kada ki ba shi ko alama, don muddin yana nema ba zai bar kujerarsa ba. Na auna maganar ta kowane gefe ban ga ƙarya a cikinta ba, don haka ni ma na sa bakina. Ki bar shi ya nema.

Mamanki na gaishe ki, ta ci gaba da yi mini magana. Baba Tunji, Amos da Cecilia duk suna gaisuwa. Allah Ya yi miki albarka, Ya sanar da ke abin da ba ki sani ba, Ya dawo mana da ke lafiya.

Ni ne mahaifinki mai alfahari da ke,
Ɗanlarai